A Ba Kurame Horon Malanta Domin Su Koyar Da Harshensu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci a kan wani al'amari da ba a cika taɓo shi ba, ko da kuwa an zauna tattauna ilimin masu buƙata ta musamman. Al'amarin shi ne wa ya kamata ya koyar da maganar hannu, kuma wane irin horo ya kamata a ba shi kafin a miƙa masa aji. A ganina kurame ne suka fi cancanta da wannan aiki, amma ba za su samu matsayin da ya dace da su a cikinsa ba sai an shimfiɗa musu hanyar da za su bi su samu horon malanta na gaske, da takardar shaida wadda hukuma ta yarda da ita, da kuma gurbin aiki mai albashi bayan sun kammala.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa maganar hannu nune-nune ce kawai da kurma yake yi don biyan buƙatarsa, wasu kuma suna zaton iri ɗaya ce a duk duniya. Alƙaluman da Majalisar Ɗinkin Duniya take aiki da su sun nuna akwai kurame sama da miliyan 70 a duniya, fiye da kashi 80 cikin 100 daga cikinsu suna zaune a ƙasashe masu tasowa, kuma harsunan hannun da suke magana da su sun haura 300. Kurman Amurka da na Ingila ba sa fahimtar juna kai tsaye, duk da cewa masu ji na ƙasashen biyu Turanci suke yi, domin ko haruffa ma da hannu ɗaya na Amurka yake nunawa, na Ingila kuwa da hannu biyu. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan harsuna yana da nahawunsa. Siffar hannu, da wurin da aka ajiye shi a jiki ko a gaban jiki, da yadda ya motsa, da inda tafin ya fuskanta, duk suna sauya ma'ana. Fuska ma tana cikin nahawun, domin a yawancin harsunan hannu da aka yi nazarinsu ɗaga gira ne yake mayar da jimla tambayar da ake amsawa da e ko a'a, haɗa gira kuma yana tafiya da tambayar da take neman bayani. Mai magana yakan ajiye wani mutum a damansa, wani a hagunsa, sannan ya riƙa tura aikatau daga wannan zuwa wancan, ta haka ake gane wanda ya bayar da wanda ya karɓa. Wanda ya haddace alamomi ya jera su bisa tsarin harshen bakinsa bai iya harshen ba tukuna, balle ya koyar da shi.

Ingancin malami ya fi nauyi a wannan fanni fiye da sauran fannoni, saboda kimanin tara daga cikin kowane yara kurame goma iyayensu masu ji ne. Yaro mai ji yana tsintar harshe a bakin uwa da 'yan'uwa ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba, kafin ya shiga makaranta ya riga ya iya tambaya da musu da ba da labari. Yaron da aka haifa kurma, ko ya kurumce yana ƙarami saboda sanƙarau ko ƙyanda ko wani ciwon kunne, yakan taso ne a gidan da ba wanda ya iya harshen da idonsa zai kama, abin da ke tsakaninsa da iyayensa bai wuce 'yan alamomin da suka ƙirƙira wa kansu ba. Masana sun daɗe da nuna cewa shekarun farko na rayuwa su ne lokacin da ƙwaƙwalwa take karɓar harshe da sauƙi, kuma yaron da ya wuce su ba tare da cikakken harshe ba, na baki ko na hannu, yakan sha wahala wajen karatu da lissafi da bayyana abin da ke ransa har girmansa. Ga irin wannan yaro, malamin da ya tarar a makaranta shi ne mutum na farko da zai nuna masa yadda cikakken harshe yake. Idan harshen malamin rabi-da-rabi ne, da shi yaron zai tashi.

Duk wanda ya san makarantun kurame a ƙasashe masu tasowa ya san yadda abin yake gudana a da yawa daga cikinsu. Malamin aji mai ji ne, yana da takardar malanta, ya yi darasin maganar hannu na zango ɗaya ko biyu a kwaleji, ya iya haruffan yatsu da wasu alamomi. Yakan tsaya gaban allo yana magana da baki yana jefa alama nan da can, yara suna kallonsa suna gyaɗa kai don ladabi. Idan ya fita, sai babban ɗalibi a cikinsu, ko wani kurma da ke aiki a makarantar a matsayin mataimaki ko mai kula da ɗakin kwana ko mai koyar da sana'a, ya sake bayanin darasin tun daga farko, a lokacin ne yaran suke ganewa. Ke nan koyarwar gaske tana hannun wanda ba a kiransa malami, ba a biyansa albashin malami, kuma sunansa ba ya cikin rajistar malamai. Ba ina zargin malamai masu ji ba ne, domin da yawansu mutane ne masu sadaukarwa da suka zaɓi aikin da wasu suke gudu, kuma ba su suka tsara a ba su zango biyu su koyi abin da yake cin shekaru ba. Tsarin ne ya ɗora wa wanda bai iya harshen ba nauyin koyar da shi, ya bar wanda ya iya a bakin ƙofa.

Ba haka abin ya faro ba. Makarantar kurame ta farko da aka buɗe wa kowa kyauta an kafa ta ne a birnin Paris na Faransa a wajajen 1760, a hannun wani limamin Kirista mai suna Charles-Michel de l'Épée, wanda shi kansa a wajen kurame ya fara koyon alamomin da ya yi aiki da su. A wannan makaranta ne kurame irin su Jean Massieu da ɗalibinsa Laurent Clerc suka zama malamai. A 1816 wani Ba'amurke mai ji, Thomas Gallaudet, ya shawo kan Clerc ya bi shi Amurka, kuma tun a cikin jirgin ruwa Clerc ya riƙa koya masa maganar hannu shi kuma yana koya masa Turanci. A 1817 suka buɗe makaranta a garin Hartford, inda Clerc ya koyar kimanin shekara 40, ya horar da malaman da suka watsu suka kafa makarantu a wasu jihohi. Kwalejin kurame ta Washington, wadda yau ake kira Jami'ar Gallaudet, ta samu izinin ba da digiri a 1864. Zuwa wajajen 1870, kimanin kashi 40 cikin 100 na malaman makarantun kurame a Amurka kurame ne.

A watan Satumba na 1880 aka yi babban taron malaman kurame na ƙasa da ƙasa a birnin Milan na Italiya. Kusan dukkan mahalartan masu ji ne, kuma suka zartar da gagarumin rinjaye cewa koya wa kurma magana da baki da karanta leɓe ya fi maganar hannu, don haka a fitar da ita daga aji. Wakilan Amurka suna cikin 'yan tsirarun da suka ƙi amincewa, amma guguwar ta iske ƙasarsu ita ma. Waɗanda abin ya fara faɗawa kansu su ne malamai kurame, tunda wanda ba ya ji ba zai iya gyara wa yaro furuci ba, sai aka yi ta sallamarsu ko mayar da su ɗakunan koyar da sana'a, har zuwa 1917 adadinsu a Amurka ya faɗo ƙasa da kashi 15 cikin 100. A makarantu da yawa an riƙa hukunta yaro idan aka kama shi yana magana da hannu, wani lokaci a sa shi ya zauna a kan hannuwansa. Abin da ya hana harshen mutuwa shi ne yaran sun ci gaba da miƙa wa juna shi a ɓoye, a ɗakunan kwana da filin wasa. Bayan kusan shekara ɗari ana wannan gwaji, wani bincike da aka wallafa a Ingila a 1979 ya gano cewa matsakaicin ɗalibi kurma mai barin makaranta yana ɗan shekara 15 zuwa 16, karatunsa bai wuce na yaro ɗan shekara tara ba, kuma maganar bakin da aka sadaukar da komai dominta, da yawansu da ƙyar ake fahimtarta. Sai a 2010, a zaman da wannan taro ya yi a birnin Vancouver na Kanada, aka fito fili aka yi watsi da ƙudurorin Milan tare da nuna nadama.

A 1960 wani malami a kwalejin Gallaudet, William Stokoe, ya wallafa nazarin da ya nuna cewa maganar hannun Amurka harshe ce mai cikakken tsari, kuma ƙamus ɗin da ya biyo baya a 1965 tare ya yi shi da abokan aikinsa biyu kurame, Dorothy Casterline da Carl Croneberg. A nahiyar Afirka kuwa, mutumin da ya fi kowa yaɗa makarantun kurame shi kansa kurma ne. Andrew Foster baƙar fatar Amurka ne da sanƙarau ya kurumtar yana ɗan shekara 11, shi ne baƙar fata na farko da ya samu digiri a Gallaudet a 1954, ya buɗe makaranta a birnin Accra na Gana a 1957 da wata a Ibadan a 1960, kuma kafin rasuwarsa a haɗarin jirgin sama a Ruwanda a 1987 ya kafa makarantu sama da 30 a ƙasashe 13. Aikinsa ya ɗore ne saboda bai tsaya ga koyar da yara ba, ya riƙa zaɓo kurame 'yan Afirka yana horar da su malanta, wasu ya nema musu gurbin karatu a ƙetare, suka dawo suka riƙe makarantu. Saboda haka mai shakkar ko kurma zai iya zama ƙwararren malami yana tayar da tambayar da aka riga aka amsa tun zamanin Clerc.

Sai dai akwai abin da wasu masu kishin kurame ba sa so a faɗa, ni kuwa ina ganin ɓoye shi cutarwa ce: kurumta ita kaɗai ba ta mayar da mutum malami. Kamar yadda ba duk wanda ya tashi da Hausa a bakinsa ne zai iya tsayawa gaban baƙi ya koya musu ita daki-daki ba, haka ba kowane kurma ne zai iya riƙe ajin maganar hannu ba. Mai harshe yana gane kuskure da zarar ya gan shi, amma sau da yawa bai san dalilin da ya sa kuskure ne ba, bai kuma san abin da ya kamata ya fara koyarwa da abin da zai jinkirta ba. Su kansu kuramen ba ɗaya suke ba wajen ƙwarewa, domin wanda ya tashi cikin 'yan'uwansa kurame tun yana ƙarami daban yake da wanda ya kurumce bayan ya girma, ko wanda bai taɓa shiga makaranta ba. Idan aka ɗauko mutum ba horo aka ce ya koyar, abin da yakan faru shi ne ya koma jero alamomi: yau launuka, gobe dabbobi, jibi lambobi. Ɗalibai su gama wata uku da tarin kalmomi a hannu amma ba za su iya hirar minti biyar da kurma ba. Daga nan sai jami'in da ya ɗauke shi ya ce ai ya gwada kurma bai iya ba, alhali abin da ya gwada shi ne mutumin da ba a horar ba.

Horon da nake magana a kai dole ya fara da nazarin harshen kansa, ta yadda ɗalibin zai iya fayyace wa wani ƙa'idojin da ya daɗe yana aiki da su ba tare da ya san sunansu ba. Na ji daga waɗanda suka san irin waɗannan kwasa-kwasai cewa wannan sashe ne ya fi taɓa zuciyar ɗaliban, kuma ban yi mamaki ba, domin mutumin da aka shafe ƙuruciyarsa ana gaya masa cewa abin da yake yi da hannu ba harshe ba ne, ranar da ya ga nahawunsa a tsare dole ya ɗauki kansa da daraja. Bayan haka sai dabarun koyarwa: yadda ake tsara darasi da manhajar zango, yadda ake tafiyar da aji ba tare da murya ba tun daga ranar farko domin idon ɗalibi ya saba da kama ma'ana, yadda ake jera kujeru a zagaye kowa ya ga kowa, yadda ake gyara kuskure ba tare da kashe gwiwar mai koyo ba, da yadda ake auna ci gaban ɗalibi da ma'auni bayyananne. Tunda harsunan hannu ba su da rubutun da jama'a suka saba da shi, bidiyo ne littafinsu, don haka wajibi ne malamin ya iya ɗauka da tacewa da adana darasi, abin da wayar hannu ta sauƙaƙa matuƙa a yau. Sannan a bambanta masa waɗanda zai koyar, domin jariri kurma da mahaifiyarsa, da yaran firamare, da manya masu son zama tafintoci, kowanne da irin hanyar da ake bi da shi. A ƙarshe sai gwajin koyarwa na tsawon lokaci a ƙarƙashin kulawar gogaggen malami, wanda shi ma ya iya harshen, ba wanda zai zauna a bayan aji yana cike fom bai san abin da ake faɗa ba.

Inda gizo yake saƙar shi ne ƙofar shiga. A yawancin ƙasashe, wanda yake son shiga kwalejin horon malamai sai ya kawo sakamakon jarrabawar gama sakandare da ƙima mai kyau a harshen hukuma, sannan ya ci jarrabawar shiga da aka rubuta da wannan harshe. Ga kurma, harshen rubutu harshe ne na biyu da bai taɓa jin amonsa ba, kuma ya koye shi ne a hannun malaman da suka kasa yi masa bayani. Wato makarantar da ta gaza ilimantar da shi ita ce ta hana shi takardar da zai shiga kwaleji ya dawo ya gyara makarantar. Wanda ya yi sa'a ya shiga kuma yakan tarar da lacca ba tafinta, ya shafe shekaru yana kwafar rubutun abokan karatu. Ban ce a sassauta ma'auni ba, domin takardar da aka bayar saboda tausayi ba ta da daraja a idon kowa, kuma kuramen da suka san ciwon kansu ba ita suke nema ba. Abin da nake cewa shi ne a auna abin da aikin yake buƙata. A yi jarrabawar shiga da maganar hannu, a gaban kwamitin da ƙwararrun kurame suke ciki. A ba wanda rubutunsa bai kai ba shekarar share fage domin ya ƙarfafa karatu da rubutu, tunda malami ba ya rabuwa da su. A koyar da kwas ɗin da maganar hannu kai tsaye, a yarda ɗalibi ya gabatar da wani sashe na aikinsa ta bidiyo, kuma a lissafa wa wanda ya yi shekaru yana koyarwa ba takarda shekarun nan nasa bayan an gwada shi.

An riga an yi wannan a wurare da dama. A tsakiyar shekarun 1980 Jami'ar Durham ta Ingila, tare da ƙungiyar kuramen ƙasar, ta fara kwas na horar da kurame su zama malaman maganar hannun Birtaniya, kuma da harshen aka koyar da shi. A Amurka akwai ƙungiyar malaman maganar hannu da take tantance malamai ta ba su shaida, kuma Jami'ar Gallaudet tana ba da digiri na biyu a fannin koyar da harshen hannu. Indiya ta kafa cibiyar bincike da horo a kan harshen hannunta a birnin Delhi a 2015, wadda take gudanar da difloma ta shekara biyu ta koyar da harshen, kuma kurame ake ɗauka a cikinta. Jami'ar Addis Ababa ta Habasha ta buɗe digiri a kan harshen hannun ƙasar da al'adun kurame a 2008. A 2020 ƙungiyar ƙasashen Turai da ake kira Council of Europe ta fitar da sabon bugu na ma'aunin da take auna ƙwarewar harsuna da shi, mai matakai daga A1 zuwa C2, ta shigar da harsunan hannu a ciki, don haka wanda zai tsara manhaja a yau ba daga tushe zai fara ba.

Tambaya mai wuya ita ce wa zai horar da rukunin farko a ƙasar da ba ta da ko malami ɗaya mai takarda. Galibi akan gayyato ƙwararrun kurame daga ƙasar da ta riga ta yi nisa su haɗu da masana harshe na gida, kuma wannan hanya ce mai kyau muddin aka kiyaye wani haɗari. Shi kansa Foster, da duk alherinsa, maganar hannun Amurka ya zo da ita, shi ya sa har yau harshen makarantun kurame a ƙasashe da yawa na yammaci da tsakiyar Afirka yake da kusanci da na Amurka, alhali akwai harsunan hannu na asali da kurame suka gada a wurarensu, irin na ƙauyen Adamorobe a Gana da maganar hannu ta ƙasar Hausa. Waɗannan sukan koma baya a idon ɗan makaranta, ya riƙa ganin su na marasa ilimi ne. Baƙon mai horarwa dabarar koyarwa ake so ya kawo, ya bar alamominsa a gida. Kuma ya kamata a sa wa ɗaliban aikin zuwa wajen dattawan kurame su ɗauki hirarsu a bidiyo, su tattara alamomin da ke shirin ɓacewa, domin wannan shi ne zai zama kayan koyarwarsu nan gaba, kuma ba wani baƙo da zai yi musu shi.

Horo ba tare da aiki ba yaudara ce, kuma kurame sun gaji da tarurrukan bita na kwana biyar da ake raba takardar halarta a ƙarshensu kowa ya koma gida. Dole hukumar da take rajistar malamai ta amince da takardar, a kuma buɗe mata gurbi a tsarin aikin gwamnati mai matakin albashi da ƙarin girma daidai da na malamin kowane harshe. Aikin yi kuwa yana nan jibge. Akwai iyayen yara kurame, waɗanda su ne suka fi kowa buƙata kuma su aka fi mantawa da su. Akwai malamai masu ji da ke makarantun kurame. Akwai ma'aikatan asibiti da 'yan sanda da ma'aikatan kotu da kurma yake zuwa gabansu a ranar da ya fi buƙatar a fahimce shi. A jami'o'in Amurka, maganar hannu ita ce ta uku a jerin harsunan da ɗalibai suka fi ɗauka, bayan Sifaniyanci da Faransanci. Akwai kuma tafintoci, waɗanda aikinsu daban yake da na malami kodayake ana yawan cakuɗa su, kuma ingancinsu ya dogara ne ga wanda ya koya musu da wanda ya jarraba su. Duniya ta ga abin kunyar da ya faru a watan Disamba na 2013 a taron juyayin rasuwar Nelson Mandela, lokacin da wani ya tsaya kusa da shugabannin ƙasashe yana motsa hannu ba ma'ana, kuma kuramen da ke kallo ne suka tona shi nan take.

Wani zai ce ashe ke nan an kori masu ji daga fagen. Ban ce haka ba. Akwai masu ji da iyayensu kurame ne, maganar hannu ce harshensu na farko, akwai kuma waɗanda suka shafe shekaru cikin kurame har suka ƙware, duk wanda ya ci jarrabawar da aka yi wa kowa ya koyar. Amma mai ji da ya iya harshen yana da aikin tafinta a gabansa, wanda kurma ba ya iya yinsa ta fuskar ji da faɗa, yana kuma da sauran ayyukan duniya, don haka adalci ne a fifita kurma a wannan gurbi guda da ya fi kowa dacewa da shi. Sannan yaron da ya ga babban mutum kurma yana riƙe da aji, ana girmama shi, yana ciyar da iyalinsa, ya samu darasin da mai ji ba zai iya ba shi ba komai ƙwarewarsa. Wani kuma zai ce na'urorin taimaka wa ji da aikin dashen na'ura a kunne sun sa ba a buƙatar maganar hannu. Waɗannan na'urori suna amfanar wasu, amma ba sa yi wa kowa aiki daidai, yawancin iyalai a duniya ba sa iya mallakarsu da kula da su, kuma ba abin da yaro yake rasawa idan ya samu harshen hannu tare da su.

Ta fuskar doka ma ba sabon abu ake nema ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu nakasa ta 2006, wadda mafi yawan ƙasashen duniya suka amince da ita, ta wajabta wa gwamnatoci a sashe na 24 su ɗauki malamai da suka ƙware a maganar hannu, ciki har da malamai masu nakasa. Yuganda ta ambaci harshen hannu a tsarin mulkinta tun 1995, Kenya ta yi haka a 2010, Afirka ta Kudu kuma ta mayar da nata harshen hukuma na 12 a 2023. Tun 2018 ake bikin ranar harsunan hannu ta duniya kowace 23 ga Satumba, ranar da aka kafa Tarayyar Kurame ta Duniya a birnin Rum a 1951. Duk wannan ci gaba ne, sai dai ma'aikatar ilimi da ta halarci biki ta karanta jawabi ya kamata a tambaye ta kurame nawa ne suke cikin rajistar malamanta, nawa kuma suke cikin kwalejojinta a wannan shekara.

Ƙungiyoyin kurame su ma akwai nasu nauyin, kuma ina fata saƙon nan ya isa gare su. Su ne ya kamata su fito da daftarin manhaja da ma'aunin tantancewa su kai wa hukuma, maimakon su jira a tsara musu. Idan an zo zaɓen waɗanda za a horar, a zaɓi masu ƙwarewa da haƙurin koyarwa, kada gurbin ya zama rabon shugabanni da makusantansu. A kuma tabbatar mata kurame suna ciki da yawa, domin uwar da aka gaya mata jaririnta ba ya ji ta fi sakin jiki da malama mace da za ta riƙa zuwa wajenta a kai a kai, haka ma 'yan mata kurame suna da tambayoyin da ba za su yi wa namiji ba. A ɗebo ɗalibai daga ƙauyuka tare da na birane, tunda wanda aka ɗauko daga karkara ya fi yiwuwa ya koma can ya yi aiki, kuma a can ne yara kurame suka fi girma ba tare da sun taɓa haɗuwa da wanda ya iya harshensu ba.

Na gode da filin da ka ba ni. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku